Tunkiya, kerkeci da katako: lacca a kan rai da hoton zuci

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo game da rai, da ƙarfin nan da yake zana mana hoto a zuci, wanda Larabawa suke kira hayali.

Na farko, Aflaton na ƙasar Girka. Shi ya kamanta rai da keken doki: hankali ne riƙe da linzami, dawakai biyu, ɗaya mai ladabi, ɗaya mai taurin kai. Almajirinsa Aristo ya ce rai ba ya tunani sai da hoto. Mu wuce, ba nan zan yada zango ba.

Ibn Sina nake so. An haife shi kusa da Bukhara wajen shekarar 980, ya rasu a Hamadan a 1037. Ya ce bayan gani da ji da sauran ƙofofi biyar na waje, akwai wasu biyar a ciki. Wata tana ajiye siffa, wata tana harhaɗawa kamar tela, ta ɗinka kan mutum a jikin doki. Amma wadda ta fi burge ni ita ce wahami, mai tsinto ma'anar da ido ba ya gani. Tunkiya ta hango kerkeci, ta ranta a na kare. Mu nan kura za mu ce. To wa ya karantar da ita? Ido launi da siffa ya gani. Ƙiyayya ba ta da launi, jama'a! Ba ta da launi. Wahami ne ya tsinto ta.

Ga wani misalin nasa. A shimfiɗa katako a ƙasa, kowa zai taka har da 'yar waƙa. A ɗora shi a kan rami mai zurfi, mu ce karofin Ƙofar Mata, sai gwiwa ta kama rawa. Katakon ya ragu ne? Ko faɗin yatsa bai ragu ba. Ka riga ka faɗa a zuci, ƙafa bin umarni kawai take yi. Alhaji na ga kana dariya, da kai za mu fara gwajin. Ka tuna Ibn Sina likita ne, ya san hoton zuci yana kwantar da mai lafiya, yana kuma taimakon majinyaci ya miƙe.

Na huɗu... au, na uku ko? Ibn Arabi, malamin Sufaye wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, ya ce hayali barzahu ne, wato abin da ke tsakanin abu biyu, kamar hotonka a madubi: kai ne, kuma ba kai ba ne.

(Wata ɗaliba: Malam, kurwa fa, wadda ake cewa maye yana kamawa?)

Yawwa, 'yata, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Bahaushe ya raba rai da kurwa: rai in ya fita sai makara, kurwa kuwa an ce tana fita yawo mutum yana barci. Da Ibn Sina za ki kai wa yaron da aka ce an kama kurwarsa, ina jin tambayarsa ta farko ita ce: wa ya fara faɗa wa yaron, kuma a gaban wa? Ga ladan can ya fara, sai mu tashi.