Garin da Ya Rabu Gida Biyu

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To madalla. Ku matso ciki, sanyin Jos ba ya tambayar mutum addininsa.

Abu uku na ce zan taɓo: siyasa, zama, sai sulhu. Siyasar kun san ta. A 1991, zamanin Babangida, aka ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, tun daga nan gardamar "wa ke da gari" ta sami kujerar da za a yi kokawa a kanta. Aka taɓa rikici a 1994, aka yi babba ranar 7 ga Satumba 2001, aka sake a 2008 bayan zaɓen ciyaman, aka sake a 2010. Kwamitin binciken rikici na Niki Tobi ya zauna, na Ajibola ya zauna, rahotanni na nan a ajiye.

Amma ni abin da ke hana ni barci shi ne zama. Zama, jama'a. Ina yaro, katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata Kirista, Mama muke ce mata. Ranar Kirsimeti za ta aiko da shinkafa a langa mai murfi, an ɗaure da ɗankwali. Da Babbar Sallah ni ake ba cinyar rago in kai mata, ta cusa min kwabo a aljihu. Haƙar kuza ce ta tara kakanninmu a nan, ba wanda ya ga abin mamaki a wannan langar. Bayan 2001 sai aka shiga musayar gidaje: kai ka koma cikin naku, ni in koma cikin namu. Mama ta tashi. Ba faɗa muka yi ba, wallahi ba faɗa muka yi ba, tsoro ne kawai.

Yau akwai saurayi a Unguwar Rogo, ta Musulmi, da bai taɓa shan ruwa a Unguwar Rukuba, ta Kiristoci, ba. Me ya sani game da mutanen can? Abin da aka faɗa masa. Ga kasuwar Terminus, inda mai tumatir da mai atamfa ke cin bashin juna, ta ƙone a 2002. Wanda kake bin sa bashi ai kana yi masa addu'ar tsawon rai! Wannan muka rasa.

Na biyu... a'a, na ukun ke nan ko? Malam na ta nuna min agogo. Na'am, 'yata, tambaya ce? A miƙa mata.

Ta ce an kashe yayanta a 2008, ta yaya za ta yafe wa wanda ba ta ma san fuskarsa ba.

Allah ya jiƙansa. 'Yata, ba zan ce ki yafe yau ba. A Ruwanda, bayan kisan 1994, kotunan gargajiya da ake kira gacaca sun zaunar da mutane a fili, mai laifi ya faɗi abin da ya yi a gaban dangin mamaci. Mu ba a ba mu wannan ba, an ce mu yi haƙuri kawai. Hakkinki ne ki san gaskiya. Amma ki riƙe wannan ma: a 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. A jihar nan aka yi.

In an tashi ki jira ni, ina so ki faɗa min sunan yayan naki.