Kafin ka biya kuɗin katan ɗin 'yan tsaki

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau darasinmu a kan kiwon kaji ne a cikin gida, musamman ga wanda bai taɓa yi ba, yana ta saƙawa da kwancewa ko ya sa kuɗinsa ko ya haƙura. Saƙonnin da kuka turo kusan duk tambaya ɗaya suke yi: nawa ne katan ɗin 'yan tsaki, kuma a ina ake samun masu kyau? To za mu zo nan, amma ba da ita za mu fara ba, domin kuɗin ɗan tsako kaɗan ne a cikin abin da za ka kashe. Inda kuɗi yake tafiya shi ne cikin kazar.

Bari mu yi lissafin tare, wanda ke kusa da biro ya ɗauka. Katan ɗaya tsaki 50 ne, galibi da gyaran guda ɗaya. Idan buroila ne, wato kajin nama, kowace za ta ci kilo 4 zuwa 5 kafin ta kai mako 7 ko 8. Ka ninka sau 50, ka ga kilo 200 zuwa 250 ke nan. Buhun abinci kilo 25 ne, saboda haka buhu 8 zuwa 10 kake nema. Je ka shagon mai abincin kaji yau, ka tambayi kuɗin buhu, ka ninka sau 10, ka ɗora kuɗin gawayin ɗumama tsaki da rigakafi da magani. In abin da ya fito yana hannunka, madalla. In kuwa shirinka shi ne ka sayi buhu biyu, saura Allah zai kawo, to ɗan'uwa ka rage yawan tsakin. Gara 20 da suka ƙoshi da 50 da ake yi musu rabon tsaba. Buroila ba ta san uzuri ba, in ta yi kwana uku tana cin dusa zalla girmanta ya tsaya, kuma ba lallai ta sake kamowa ba.

Masu ƙwai kuma lissafinsu ya fi wannan tsawo. Sai sun kai mako 18 zuwa 20 kafin ka ga ƙwan fari. Wata huɗu da rabi ke nan kana ciyarwa ba ko sisi da ke shigowa, kowace ta cinye wajen kilo 7 a tsakanin. Da sun fara sakin ƙwai kuma kowace na cin giram 110 zuwa 120 a rana, buhu ɗaya kwana 4 zai yi wa kaji 50. Riba akwai ta, domin kazar gidan gona mai kyau tana iya ba ka ƙwai wajen 280 a shekara, alhali kazar Hausa da ƙyar take haura 50 saboda kwanci da renon 'ya'ya. Amma sana'a ce ta mai dogon numfashi.

To wace iri ce ta dace da kai? Wannan ya danganta da abin da kake so a ƙarshe. In nama kake so na sayarwa lokacin ƙaramar Sallah ko Kirsimeti, buroila ce. Sai ka ƙirga baya daga ranar kasuwar: mako 8 kafin ƙaramar Sallah yana faɗawa ne a makon farko na Sha'aban. Ka sani kowa ma wannan lissafin yake yi, don haka a lokacin tsaki yake tsada, kuma wanda bai ba da suna da wuri ba sai ya rasa. Sannan ka san wanda zai saya tun kafin su girma. Buroilar da ta kai yanka ba ta daina ci don ba ka sami mai saye ba, kullum ta ƙara kwana ribarka take cinyewa.

In kuwa ke uwargida ce mai ɗan fili a bayan ɗaki, kina son abin da za ki riƙa yankawa in an yi baƙo, ki sayar da ɗaya in an koro yaro kuɗin makaranta, ni ba zan ba ki shawarar buroila ba. Ki nemi irin su Noiler, waɗanda wasu ke kira maja, ko FUNAAB Alpha da jami'ar aikin gona ta Abeokuta ta samar. Suna ba da nama suna ba da ƙwai, suna iya kiwo a tsakar gida, suna cin dusa da ragowar tuwo da ganye a haɗa musu da ɗan abincin kanti. Girmansu ya fi jinkiri, wata 3 zuwa 4, amma sun fi jure wahala. Ga masu son ƙwai kuma akwai ShikaBrown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar domin yanayin ƙasar nan. Kazar Hausa ma kada a raina ta. Ita ke kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, ita ke ɗumama 'ya'yanta, ba ruwanki da gawayi. Illarta dai shaho da muzuru, da kuma annobar da ke share gida lokacin hunturu, wadda za mu zo kanta.

Akwai abin da mutane ba sa son a faɗa, amma sai na faɗa. In gidan haya kake, ku da yawa a tsakar gida ɗaya, ka nemi yardar mai gida da maƙwabta tukuna. Kashin kaji 50 a lokacin damina yana da wari, yana tara ƙuda, abinci kuma yana jawo ɓera da gafiya. Haka nan ka tambayi kanka wa zai duba su in ka fita. Kaza ba ta da ranar hutu, ran biki da ran rasuwa duk sai an zuba ruwa. In amsar ita ce yara za su riƙa dubawa, to a samu babba ɗaya da alhakin yake wuyansa.

Yanzu ɗaki. Buroila in sun girma, kada su wuce 10 a murabba'in mita ɗaya, a ƙasarmu mai zafi ma 8 ya fi. Ɗaki mai mita 2 da mita 3 zai ɗauki katan ɗaya. Iska ta riƙa ratsawa, a sa waya a tagogi, rufin kada ya yi ƙasa sosai. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi ya san yadda Afrilu take, zafi ya haura digiri 40. Buroila mai nauyi a ƙarƙashin kwano a wannan watan tana iya faɗuwa matacciya da tsakar rana ba ciwon komai. In ajalin kasuwarka ya faɗa bazara, ka rage yawansu, ka shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, ka ba da abinci da sassafe da yamma, ruwa mai sanyi kuma kada ya yanke.

Duk wannan a gama shi kafin ranar da tsaki zai iso. A wanke ɗakin, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya sha iska kamar mako guda. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko diddigar katako mai kauri kamar faɗin yatsu uku. Ban da garin katakon nan mai laushi, domin tsaki yana ɗauka abinci ne ya cika cikinsa da shi. A kewaye wuri da kwali ya zama da'ira, saboda in akwai kusurwa nan suke taruwa su danne juna. A rufe tagogi da leda ko buhu amma a bar kafa ta sama.

To mu zo kan saye. Yawancin manyan kamfanonin ƙyanƙyasa suna yankin Ibadan, akwai wasu a Jos da Kaduna, kuma galibi Litinin da Alhamis ake fitar da tsaki. Wanda ya taso daga kudu a mota yake kwana. Abin da ke riƙe shi a hanya shi ne ragowar gwaiduwar da ke cikinsa, wadda ke iya kai shi kwana 2 zuwa 3 ba ci ba sha. Saboda haka ka je ka karɓa da sassafe ranar da motar ta iso, kada ka bari katan ya wuni a shago. Ka saya wurin dilan da aka sani, mai shago, wanda in an sami matsala za ka koma ka same shi. Ka tambaye shi sunan kamfanin da ranar ƙyanƙyasa, da ko an yi musu allurar rigakafin Marek, cutar da ke shanye ƙafafun kaji, allurar da a can kamfani ake yin ta ranar farko.

Kada ka ji kunyar buɗe katan a gabansa. Tsako mai lafiya idonsa a buɗe yake tar, gashinsa a bushe, yana tsaye da ƙafafunsa yana kuka da ƙarfi. Juya shi ka duba cibiya, ta zama a rufe a bushe, ba baƙin ƙulli ba jiƙa. Duba duburarsa kada kashi ya manne. Ka kwantar da shi rigingine a tafin hannunka, mai ƙarfi nan take zai juye ya miƙe. Wanda ya tsaya yana lumshe ido a gefe, ka ce a canza maka shi.

Sai ha'incin da ya fi yawa a wannan harka: a sayar maka da zakaru a matsayin buroila. Kamfanin da ke ƙyanƙyasar masu ƙwai ba ya buƙatar mazan, yana sayar da su da arha ƙwarai, kuma a ranar farko farin zakara da buroila sai mai ido yake bambancewa. Sai an yi mako 2 kana zuba abinci ka ga ƙafa siririya, jiki ba ya cikowa. A jajayen kajin ƙwai an ɗan huta, matan ja-ja suke fitowa, mazan fari-fari. Duk wanda ya tare ka a bakin kasuwa da tsaki rabin kuɗin da kowa ke sayarwa, ka tuna araha ba ta ado. Zakarun ba laifi ba ne in ka san su ka saya, suna da juriya, sai dai wata 5 zuwa 6 za ka jira.

Da kun iso gida, ɗakin ya riga ya ɗumama tun awa biyu ko uku kafin nan. Makon farko suna son zafi digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa kamar digiri 3 duk mako. Ba ka da ma'aunin zafi? Tsakin da kansu za su gaya maka. In sun cunkushe a jikin kaskon gawayi suna tsuwa, sanyi suke ji. In sun gudu bango suna haki da baki buɗe, zafi ya yi yawa. In sun taru gefe ɗaya, iska ce ke shigowa ta wata kafa. In sun bazu ko'ina suna ci suna sha, ka je ka kwanta, amma ka tashi tsakar dare ka sake dubawa, domin wajen asuba ne gawayi ke mutuwa sanyi ya sauko. Gawayin kuma a hura shi a waje ya kama jajir kafin a shigo da shi, hayaƙinsa yana kashe tsaki, yana kashe mutum ma in ɗakin a toshe yake. A kewaye kaskon da bulo ko waya.

Ruwa ake fara ba su, da ɗan gulukos ko sukari da sinadarin bitamin, su sha kamar awa ɗaya ko biyu, sannan a barbaɗa abincin farawa a kan takarda. Mazubin ruwan ya zama marar zurfi, in faranti ne a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe. Washegari ka kama guda 10 ka taɓa jakar abincin nan da ke gindin wuyansu. In kusan duka a cike take da laushi, sun kama ci.

Rigakafi. Cututtuka biyu ne ke yi wa masu farawa ɓarna: Gumboro da Newcastle, wadda mutanenmu ke kira fakat, mai sa kaza ta murɗe wuya ta yi koren kashi. Ba su da magani in sun shigo. Tsarin da aka fi bi shi ne Gumboro wajen kwana 7 zuwa 10, Lasota, wato rigakafin fakat, wajen kwana 14, a maimaita Gumboro a mako na 3, Lasota a mako na 4, amma ka karɓi jadawalin kamfanin da ka sayi tsakinsu ka nuna wa likitan dabbobi na kusa da kai. Maganin rigakafin a cikin ƙanƙara ake ɗauko shi, in ya yi zafi a hanya ya mutu, ruwa kawai ka ba su. Kada a haɗa shi da ruwan famfo mai sinadarin kulorin. A janye musu ruwa awa ɗaya ko biyu su ji ƙishi, a ba su da sassafe su shanye cikin awa biyu. Kwalba ɗaya ta kaji 100 ce ko 200 ko fiye, kuma ba a ajiye ragowa, don haka ku haɗa kai da maƙwabcin da ya sayi tsaki rana ɗaya da kai. Masu kajin Hausa kuma, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin wani rigakafin fakat mai suna I-2 wanda ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya a ido duk wata 3 zuwa 4. A yi shi kafin hunturu ya shigo.

Shimfiɗa in ta jiƙe a kwashe, ita ke kawo kashin jini. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta mako 2 kafin ta haɗu da naka, agwagwa kuma kada ta kusanci ɗakin tsaki. Dillalin kaji ya tsaya a ƙofar gida a fito masa da su, domin takalminsa ya zaga gidaje goma kafin naka. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona kusa da Jaji a jihar Kaduna a 2006 take dawowa lokaci zuwa lokaci, saboda haka in ka ga kaji suna zubewa da yawa a kwana ɗaya, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da ofishin likitan dabbobi. Yara kuma su wanke hannu da sabulu duk lokacin da suka taɓa tsaki.

Wata baiwar Allah ta turo cewa ita ma'aikaciya ce, ba za ta iya tashin dare ba, ko akwai mafita? Akwai, Hajiya. Ki sayi waɗanda aka riga aka rena, 'yan mako 3 zuwa 4, sun wuce gawayi sun sha rigakafin farko. Kuɗinsu ya fi yawa, amma wahalar da ta fi kashe tsaki wani ya ɗauke miki. Ki dai je gidan mai renon da ƙafarki, ki ga ɗakin, ki tambayi ranakun da aka ba su Gumboro da Lasota ki rubuta, ki ci gaba daga nan. Ki fara da 15 ko 20.

Lokaci ya cimmana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki haɗa abincin kaji a gida da masara da waken suya da ƙuli-ƙuli. A huta lafiya.