Yadi 47 ya kayar da yadi 422: lissafin ƙwallon Amurka da ke ruɗa mutane

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga birnin Houston nake magana, yau Lahadi, ranar da Amurkawa ke ajiye komai su zauna gaban talabijin saboda gasar NFL ta ƙwallon Amurka. Akwai wata lamba da ake cika mana ido da ita a wasan nan, wato yawan yadin da ƙungiya ta ci. Ni dai ban yarda ita ce ma'aunin gwaninta ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, tsawon filin yadi 100 ne, yadi ɗaya kuwa bai kai mita ɗaya ba, saura kaɗan. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta matsa, a sabunta mata wasu huɗun. In ta kai ƙwallo ƙarshen fili, maki shida ke nan, ga ƙarin bugu na maki ɗaya. In ta maƙale a kusa, ta buga ta tsakanin sanduna ta karɓi maki uku.

Bari in matso da kyamara ku ga allon nan da aka sa yanzu da aka tafi hutun rabin lokaci. Kun ga layin sama? Jimlar yadi. Ƙasansa yadin jifa, sai yadin gudu. Yawan ƙwallon da ƙungiya ta zubar wa abokan hamayya, can ƙasa aka cusa shi. Ita kanta NFL in ta ce wance ce ta ɗaya a kai hari ko a tsaron gida, da yadi take jera su, ba da maki ba.

To ga labarin da mutanen garin nan ba sa gajiya da ba da shi. A watan Disambar 2002, shekarar farko ta Houston Texans a gasar, suka je Pittsburgh suka kara da Steelers. Duk wasan, yadi 47 kacal Texans suka ci. Steelers suka ci 422. Amma aka tashi 24 da 6, Texans ne da nasara! Yaya aka yi? 'Yan bayansu ne suka yi aikin. Sau biyu Aaron Glenn yana cafke jifan Tommy Maddox, madugun jifan Steelers, a sama ya sheƙa da ƙwallon har ƙarshen fili, sau ɗaya kuma ƙwallo ta suɓuce wani ɗan baya ya tsince ta ya kai. Wannan gudun duka ba ya shiga jimlar yadin ƙungiya. Steelers sun wuni suna kai da komo a tsakiyar fili, ba su taka ƙarshensa ko sau ɗaya ba.

Kada wani ya ce ai wannan tsautsayin rana ɗaya ne. A kakar 2010, San Diego Chargers su ne na ɗaya a yadin da suka ci, su ne kuma na ɗaya a hana abokan hamayya cin yadi. A takarda babu kamarsu. Suka ƙare da nasara 9, rashin nasara 7, ko zagayen kifa ɗaya kwala ba su shiga ba. Abin da ya kashe su shi ne sashen bugun ƙwallo: a tare musu bugu, ko su buga a dawo da ita a guje har gidansu. A wasansu da Seattle, Philip Rivers na Chargers ya yi jifan yadi 455, amma Leon Washington na Seattle shi kaɗai ya dawo da bugun farawa sau biyu har ƙarshen fili, Chargers suka sha kashi 27 da 20.

Masu kallon tamaula sun san irin wannan. Ku tuna Sifaniya da Rasha a gasar cin kofin duniya ta 2018: Sifaniya ta yi ba-ni-in-ba-ka sama da sau dubu, Rasha ta fitar da ita a bugun fenariti.

Matsalar yadi, ba ya gaya maka daga ina aka taso, ba ya gaya maka inda aka ƙare. Ƙungiyar da 'yan bayanta suka ƙwato mata ƙwallo yadi 20 daga gidan abokan hamayya, yadi 20 ɗin nan sun ishe ta maki shida. Wata kuwa ta taso daga can gidanta, ta ci yadi 75 da gumin goshi, a bakin layi ƙwallo ta kuɓuce mata. Allo zai yaba wa ta biyu, alhali ko maki ɗaya ba ta samu ba. Sannan ba duka yadi ne darajarsa ɗaya ba. In dama ta uku ce, ana neman yadi 2 ka ci 3, ka yi aiki. In ana neman 15 ka ci 12, 'yan baya da gangan suka bar maka, don sun san ƙarshenta bugo musu ƙwallon za ka yi.

Akwai kuma yadin banza na ƙarshen wasa, wanda shi ya fi ba ni haushi. An ba ka ratar maki 21, saura minti biyar, 'yan baya sun ja da baya suna bar maka gajeren jifa don agogo ya ci. Sai ka tara yadi ɗari da wani abu, gobe a ce madugun jifanku ya haskaka. Su kuwa masu nasara gudu kawai suke yi da ƙwallo, yadi uku-uku, suna kashe lokaci.

Amma fa ban ce a watsar da yadi ba. Wani maƙwabcina, dattijo da ya daɗe yana horar da 'yan makaranta, kullum muka yi wannan gardamar sai ya ɗaga yatsa ya ce, ɗan'uwana, zubar da ƙwallo rabinsa sa'a ce, yadi kuwa ƙarfi ne. Yana da gaskiyarsa. Green Bay Packers a 2011 su ne kutal a yadin da aka ci su, amma sun cafke jifa 31, suka yi nasara 15 cikin wasa 16. Da aka shiga kifa ɗaya kwala, New York Giants suka lallasa su 37 da 20 a gidan Packers ɗin. Ranar da cafke-cafken bai wadatar ba, ramin da yadi ke nunawa tun farko ya bayyana.

Don haka in zan duba yadi, na fi son a raba shi da yawan ɗaukin da aka kai, a ga nawa ake ci a kowane ɗauki. Sai in duba me ƙungiya ke yi in ta shiga yadi 20 na ƙarshe, shida take kwasowa ko uku. Masana lissafin wasan sun wuce nan ma, suna da ma'aunin da suke kira EPA, mai auna yadda kowane ɗauki ya ƙara ko ya rage makin da ake sa ran samu, gwargwadon wurin da ƙwallo take da damar da ta rage.

Ga na ƙarshe daga Tampa Bay. A 2019 madugun jifansu Jameis Winston ya fi kowa yadin jifa a gasar, 5,109, amma an cafke masa jifa 30, har jifansa na ƙarshe a kakar ɗan Atlanta ne ya cafke ya kai ƙarshen fili. Nasara 7 suka samu, aka doke su sau 9. Shekarar da ta biyo suka ɗauko Tom Brady. Yadinsa 4,633, ƙasa da na Winston, amma 12 kawai aka cafke masa. A ƙarshen kakar suka ɗaga kofin gasar, wato Super Bowl, bayan sun doke Kansas City 31 da 9.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.