Rana Kyauta Ce, To Me Ya Hana Sola Yaɗuwa a Garuruwanmu?

Daga Sakkwato zuwa Maiduguri, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana samun hasken rana da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 6 a yini. Jamus ba ta samun ko kusa da haka, amma ta fi mu amfani da sola nesa ba kusa ba. A Najeriya kuwa, Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa mutum kusan miliyan 85 ba su da wutar lantarki. To ina gizo yake saƙar?

Mu fara da kuɗi. Farantin sola, inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita) da batir, kusan duka da dala ake shigo da su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya sa kowa ya fara neman sola, a daidai lokacin da kayanta suka fi ƙarfin aljihu. Janareta ana sayensa da arha a riƙa ciyar da shi kullum, ita kuwa sola kuɗin shekaru ake biya a rana ɗaya. Bashin banki ba mafita ba ne, tunda kuɗin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024.

Amma inda aka fi tafka asara shi ne wajen batir. Mu yi lissafin gida guda. Kwan fitila 6 masu wat 10, awa 5: wat-awa 300. Fanka 2 masu wat 60, awa 8: 960. Talabijin da cajin waya: kamar 300. Jimilla ya haura 1,500 a yini. Batir mai ruwa na 200Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa) da bolt 12 yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma rabi kawai ya kamata a ci, wato 1,200. Ke nan wannan gida batir biyu yake buƙata, da faranti na aƙalla wat 450.

Abin da ake yi kuwa, don a rage tsada, mai haɗawa ya sa batir ɗaya da faranti ɗaya na wat 200. Kullum dare ana tatse batirin ƙarƙaf, kullum rana ba ya cika. Wani farin gishiri ya riƙa daskarewa a jikin dalmar da ke cikinsa, kafin shekara ta zagayo ba ya riƙe caji. Maigida ya ce sola yaudara ce, maƙwabta goma su ji su fasa.

Ga kuma zafi. Batirin dalma a digiri 25 aka auna rayuwarsa, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage ta da kusan rabi. Ku ƙiyasta ɗakin kwano a watan Afrilu. A ajiye batir a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗora shi a kan katako, a riƙa duba ruwansa kowane wata. Tataccen ruwan batir na asali (distilled water) za a ƙara, ba na leda ko na rijiya ba. Batirin lithiyam yana jure a ci kashi 80 nasa, yana kuma daɗewa sosai, sai dai kuɗinsa na farko ya fi yawa.

Shi ma farantin zafi yana rage masa ƙarfi, kusan kashi 0.4 a kowane digiri sama da 25. Ƙurar hazon hunturu da ke kwanciya a kan farantin ta fi wannan illa. A wanke farantin da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. A kafa shi yana kallon kudu, a karkace kamar digiri 12 zuwa 15. Inuwar reshen darbejiya guda a kan kusurwa ɗaya tana iya kassara layin faranti gaba ɗaya. Kuma a auna kafin a biya, domin abin da aka manna a bayan wasu farantan ba shi suke bayarwa ba.

Mu koma kan ayyukan gari. Fitilun titi masu sola da 'yan siyasa ke rabawa, nawa ne ke ci bayan shekara biyu? An ware kuɗin kafawa, ba a ware na sauya batir ba, ba a kuma damƙa wa kowa alhakin kula da su ba. Manyan ayyuka ma ba su tsira ba. Tashar lantarki mai aiki da iska ta megawat 10 a Lambar Rimi, Jihar Katsina, ta shafe fiye da shekara goma tana jan ƙafa, har da sace injiniya Bafaranshe a 2012.

Ƙananan tashoshin sola da kamfanoni ke kafawa a ƙauyuka tare da tallafin REA, hukumar samar da wutar lantarki a karkara, suna da tasu matsalar. In fitila da cajin waya kawai mutane ke yi, kuɗin da ke shigowa ba ya biyan gyara da albashi. Wuta tana yin yawa da rana babu mai sha, da dare kuma kowa ya hau batir. Abin da ke riƙe irin wannan tasha shi ne masu aikin rana: mai niƙa, mai walda, mai ƙanƙara, manomin rani. Su kuma sai an ba su bashin sauya injin dizal da mai lantarki, sannan a tabbatar inbata za ta ɗauki fizgar tashin injin, wadda kan ninka ƙarfinsa sau uku zuwa biyar.

Rijiyar burtsatse mai sola kuwa ta tsira daga matsalar batir. Ba ta buƙatar batir ko ɗaya. Famfo yana tura ruwa tanki da rana, a ɗiba da dare. In kwamitin unguwa yana karɓar ɗan kuɗi a kan kowace jarka, to akwai abin biyan mai gadi da mai wanke faranti, akwai kuma na sayen sabon famfo ranar da wannan ya ƙone.