Dambe da Alli: Lacca kan Gasar Lissafi ta Ƙungiya-Ƙungiya

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To madalla.

Malamai 'yan'uwana, abu huɗu na rubuto a 'yar takardar nan game da gasar lissafi ta 'yan sakandare, irin wadda ake shiga ƙungiya-ƙungiya. In Allah ya yarda za mu taɓa su duka.

Na farko, mu bambance. Babbar gasar da kowa ya sani, wato Olamfiyad ta lissafi ta duniya, an fara ta a Romaniya a 1959 da ƙasashe 7. Yau kowace ƙasa tana tura ɗalibai 6, amma kowa kujerarsa daban. Kwana biyu, tambaya uku kullum, awa huɗu da rabi, ko ɗan ƙasarku ne kusa da kai ba ka da ikon ce masa uffan. Gasa ce mai daraja, ba na raina ta. Sai dai kai ɗaya take aunawa, mu kuwa mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Amurka akwai gasar ARML, ƙungiya mai mutum 15. Suna da wani zagaye kamar tseren miƙa sanda: yara uku su zauna a jere, wani bayan wani, kowa da tambayarsa. Tambayar na biyu ba ta cika sai da amsar na farko, ta na uku ba ta cika sai da ta na biyu, kuma amsar na ukun kaɗai ake ba maki. Lamba kawai za ka rubuta a takarda ka miƙa baya, ba magana. Idan na gaba ya yi kuskure, na baya ya sha wahalar banza, sai an fito ka ga ana harare-harare. (dariya) Amma yaro mai wayo ba ya zama jira. Yana sa harafi a gurbin lambar da ba ta iso ba, ya gama aikinsa, tana zuwa ya saka ta. Aljabara ke nan fa, ba tare da malami ya ce yau aljabara za a yi ba.

To, na biyu. Wannan kam ku yi mini haƙuri, a nan zuciyata take. A Rasha, a birnin da ake kira Leningrad a lokacin, wani malamin makarantar sakandare mai suna Iosif Verebeichik ya ƙirƙiro wani wasa a 1965, suna ce masa faɗan lissafi. Ni dambe nake kiransa, damben alli. Ƙungiya biyu, tambayoyi iri ɗaya, a ba kowace ɗakinta da 'yan awoyi su yi ta fama. Sannan a haɗu a aji guda, ga allo, ga alƙalai a zaune. Sai wannan ƙungiya ta ce wa waccan: mun kira ku kan tambaya ta uku. Waɗanda aka kira su fitar da mai bayani, masu kira su fitar da mai suka. Mai bayani ya tsaya ya kawo hujjarsa daki-daki. Mai suka ya kasa kunne, aikinsa ɗaya: ya gano ɓaraka. Kowace tambaya maki 12 ce, kuma alƙalai ne za su raba ta. Idan mai suka ya gano rami a hujjar, ya samu rabonsa. Idan kuwa ya ce na yarda alhali akwai rami, alƙalai su tono shi da kansu, makin ya zauna a hannunsu.

Ku lura da wannan. Ana ba yaro maki don ya saurari wani da kyau. Don Allah, a wace jarrabawa tamu ake ba yaro maki don ya saurara? Malam, kana girgiza kai, ai babu.

Bari in ba ku misali, ku ɗauko biro. Ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara ita lambar, ka ƙara 41. Da 1 za ka samu 43. Da 2, 47. Da 3, 53. Da 4, 61. Duka lambobi ne da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Wani masanin lissafi mai suna Euler ne ya lura da wannan tun ƙarni na 18. To a ce mai bayani ya fito ya ce: na gwada har 20, duk ta yi, saboda haka kullum haka take. Mai suka nagari zai ce masa: gwaji ba hujja ba ne, gwada 40. Arba'in sau arba'in 1,600, ƙara 40, ƙara 41, 1,681. Wannan kuwa 41 sau 41 ce cif. Lambobi 39 a jere magana tana tafiya daidai, a ta arba'in ta rushe. Yaron da aka kayar da shi a gaban allo da wannan, har ya tsufa ba zai sake cewa "na gwada ta yi" ya tsaya nan ba. Gwaji ba hujja ba ne. Ina maimaitawa don na baya: gwaji ba hujja ba ne.

Akwai wata dabara kuma, ita ce gishirin wasan. Za ka iya kiran abokan hamayya kan tambayar da kai kanka ba ka warware ba, kana fatan su fito su faɗi. Amma suna da damar cewa: a'a, ba mu fitowa, ku da kuka kira ku zo ku nuna mana. Idan ba ka da amsa, asirinka ya tonu a bainar jama'a. Don haka kyaftin sai ya karanci fuskokin waccan ƙungiya, kamar mai ciniki a kasuwar Kurmi. Sannan ƙa'ida ta hana mutum ɗaya fitowa allo fiye da sau biyu. Kun ga amfanin? Hazikin ajin ba zai ɗauke wasan shi kaɗai ba. Dole ya zauna ya fahimtar da 'yan'uwansa hujjar har su iya kare ta, domin gobe su ne a gaban mai suka.

Na gwada wannan a ajina. Akwai wata yarinya, a jarrabawa tsaka-tsaki take, ba ta cika magana ba. Ranar da aka sa ta suka, ta bar yaron da ke zuwa na ɗaya ya gama bayaninsa tsaf, sai ta ce, a layi na huɗu ka raba da wannan harafin, in sifiri ne fa? Aji ya yi tsit. Wallahi ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Baiwar nan tana tare da ita shekara da shekaru, takardar jarrabawa ba ta da inda za ta nuna ta.

Na uku, ko na huɗu muke? An ɗaga mini agogo, bari in yi sauri. A yankin tekun Baltik akwai gasar Baltic Way tun 1990: ɗalibai 5, tambaya 20, awa huɗu da rabi, ba yadda za a yi ba tare da rabon aiki ba. A tsakiyar Turai akwai gasar Náboj, minti 120, duk tambayar da kuka ci a miƙo muku sabuwa, yara na ta gudu zuwa teburin alƙalai. A Faransa kuma an fara wata gasa a 2009 wadda ake ba da tambayoyin tun watanni kafin ranar, wasu sassansu ma ba wanda ya san cikakkiyar amsarsu, a zo a yi muhawara. Wannan ta cancanci zama na kanta. Na ga hannu. Bismillah, Malama.

Tambaya: Malam, mun ji na Rasha da Amurka. Mu makarantarmu ta ƙauye ce, ba intanet, ba littattafan gasa. Ina za mu samo irin waɗannan tambayoyi?

Allah ya saka da alheri, Malama, wannan ta fi abin da ya rage a takardata. Ba sai kin je Rasha ba, Katsina ta isa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, malamin da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimi, wato gidajen lambobi da kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Masu tarihin lissafi na duniya sun san shi. Yaranmu kuwa sun saba ganin hatimi, ba baƙon abu ba ne a gare su.

Zana gida tara, uku sau uku. A zuba 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye, a kwance, a karkace, ya ba da 15. Cikawa ba wuya, yaro zai yi ta gwaji ya dace. Tambayar dambe ita ce: me ya sa dole 5 ce a tsakiya? Ba "na gwada 4 ta ƙi" ba, hujja. Ga bakin zaren: layi nawa ne ke ratsa gidan tsakiya? Huɗu. Jimlarsu 60. Su kuma lambobin 1 zuwa 9 jimlarsu 45. To ina ragowar 15 ta fito?

Ba zan ƙarasa muku ba. Shugaba, ranka ya daɗe, a ara mini minti biyar. Wannan ɓangaren na dama ƙungiya ɗaya, na hagu ɗaya. Malama, tunda ke kika tayar da maganar, ga alli, ke ce mai bayani. Na hagu, wa zai fito suka? Malam mai farar hula, na ga tun ɗazu kana rubutu. Taso.