Sharhi: Na'urar da ke hana mota ƙwacewa, da yadda muke kashe ta da hannunmu

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Idan direba ya murza makulli, kafin inji ya tashi, fitilun da ke gabansa kan kama gaba ɗaya na 'yan daƙiƙu sannan su mutu. A cikinsu, idan motar ba tsohuwar yayi ba ce sosai, akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton mota, da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta, wato sawun tayar da ta zame. Wannan alama ce ta na'urar ESC, wadda aikinta shi ne ta riƙe mota a kan hanyarta a daidai lokacin da take shirin ƙwace wa direba. Kowane kamfani da sunan da ya ba ta. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, Nissan VDC, BMW DSC, su kuwa Mercedes da Volkswagen da Peugeot ESP suke cewa. Sunaye daban, aiki ɗaya. A kanta sharhinmu na yau zai tsaya, domin tana cikin dubban motocin da ke bin titunanmu, an biya kuɗinta tun wajen saye, amma a cikin da yawansu a mace take.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a kan kwalta. Direba ne a babbar hanya bayan an ɗauke ruwan sama, malejinsa na kan 100. A wannan gudun mota na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Sai ga saniya ta fito daga gefen daji, ko kuma rami ya bayyana a gabansa. Ba tunani zai yi ba, hannu ne zai fizgi sitiyari hagu. Ya kauce wa saniya, amma yanzu yana hannun masu zuwa, ga tirela ta taho. Sai ya sake fizgo sitiyari dama. Wannan fizga ta biyu ita ce mai kisa. Nauyin motar da ya riga ya karkata gefe guda sai ya dawo ɗaya gefen da ƙarfi, tayoyin baya su saki kwalta, bayan motar ya yi waje, ta fara tafiya a karkace. Da tayar ta sauka daga kwalta ta caki ƙasa mai laushi, sai adungure. Duka wannan bai wuce daƙiƙa biyu ko uku ba. Washegari sai a ji a labarai cewa mota ta ƙwace wa direba, mutum kaza sun riga mu gidan gaskiya.

A cikin waɗannan daƙiƙu ne na'urar ke aiki. Akwai sensa a kowace ƙafa da ke auna gudun tayar. Akwai wata a jikin sitiyari da ke gaya wa kwamfutar motar inda direba ya nufa. Akwai kuma wata a tsakiyar motar da ke auna yadda jikinta ke juyawa da yadda ake jan ta gefe. Kwamfutar sai ta riƙa gwada abu biyu: inda direba ke son zuwa, da inda motar take zuwa a zahiri. Kamfanin Bosch na Jamus ya ce na'urarsa kan yi wannan gwaji sau 25 a kowace daƙiƙa. Da ta ga sun saɓa, sai ta kama birkin taya ɗaya tak, wadda ta dace, ta kuma rage wa inji ƙarfi ko da ƙafar direba na kan totur. Idan bayan motar ne ya yi waje a kwana, tayar gaba ta ɓangaren waje take kamawa. Idan kuwa gaban ne ya ƙi shan kwana yana neman zarcewa daji, sai ta kama tayar baya ta ɓangaren ciki. Duk wanda ya taɓa ganin mai kwalekwale ya tsoma filafili gefe guda ya riƙe, jirgin ya juya zuwa wannan gefen, ya gane dabarar.

Abin da nake so direbobinmu su ji a nan shi ne, wannan ba raina ƙwarewarsu ba ne. Direba birki ɗaya gare shi a ƙarƙashin ƙafa, kuma idan ya taka, ƙafafu huɗu ne ke kamawa. Wanda ya shekara talatin yana tuƙi tsakanin Kano da Legas ma ba shi da hanyar da zai taka wa taya ɗaya birki ya bar sauran uku. Na'urar na yin abin da ƙafar ɗan'adam ba za ta iya ba ne.

A 1995 ta fara fitowa kasuwa, lokacin da Mercedes da Bosch suka sa ta a wata motar alfarma samfurin S-Class. Injiniyan da ya jagoranci aikin a Bosch, Anton van Zanten, ɗan ƙasar Holan ne. A shekarar ce Toyota ma ta fito da tata a Japan. Da farko kayan masu kuɗi ce. Abin da ya sauko da ita ƙasa wani abin kunya ne da ya faru a ƙasar Suwidin a watan Oktoban 1997. A can suna fama da wata ƙatuwar dabbar dawa da kan faɗo kan titi ba zato, shi ya sa suke da gwajin da ake fizge mota gefe a sake fizgo ta, kamar ana kauce mata. Wani ɗan jaridar mujallar motoci mai suna Robert Collin ya yi wa sabuwar ƙaramar motar Mercedes, A-Class, wannan gwaji a gudun da bai wuce kilomita 60 a sa'a ba, sai motar ta kife. Hotuna suka zaga duniya. Kamfanin ya dakatar da fitar da motar na kusan wata uku, ya gyara ƙafafunta, ya kuma sa wa kowace ɗaya wannan na'ura. Da ƙaramar mota ta samu, sai abokan gasa suka ga ba su da hujjar hana nasu masu saye.

Ku lura, gwajin da aka yi a Suwidin shi ne abin da direbanmu ke fuskanta kullum. Su dabbar dawa, mu shanu da raƙuma da awaki, ga ramuka, ga mai babur da zai tsallaka ba duba, ga babbar motar da ta lalace aka bar ta a kan titi da ganye kawai a bayanta.

Alƙaluman da suka biyo baya su ne suka sa gwamnatoci suka tashi. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano cewa na'urar na rage haɗarin mutuwa a hatsarin da mota ɗaya ta yi ita kaɗai da kusan rabi, kuma tana rage kifewar da ke kai ga mutuwa da sama da kashi 70 cikin 100. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa tsakanin 2011 da 2015 ta ceci rayuka sama da 7,000 a ƙasar. Amurka ta wajabta ta ga duk ƙananan motoci daga samfurin 2012. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014.

To mu fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kusan mutum 19 cikin kowane 100,000. A Najeriya kaɗai, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC sun nuna sama da mutum 5,000 a shekara, kuma waɗannan su ne waɗanda aka rubuta. Motocinmu kuwa mafi yawa 'yan Kwatano ne da 'yan Beljiyam. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Akwai illoli a wannan ciniki, amma akwai wani alheri a ciki: dokar da aka kafa a can ta biyo motocin har nan. Duk motar Amurka samfurin 2012 zuwa sama da wannan na'ura aka ƙera ta. Camry da Corolla na Amurka ma tun samfurin 2010 suke zuwa da ita.

Sai mu kuma mu kashe ta. Ga yadda abin ke faruwa. ESC ba ta da famfon birki nata na daban, a kan na ABS take zaune, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi, sensocin ƙafa ɗaya suke amfani da su. Wata rana fitilar ABS ta kama, mai mota ya kai gareji. Sai a ce masa, "Alhaji, wannan abin ba na hanyarmu ba ne, mu cire maka shi mu mayar da birkin kai tsaye, ka huta." A yanke bututu a haɗa, a zare fulogi. Fitilun da suka rage a kunne kuma a cire musu ƙwai, ko a liƙa musu baƙin salatif ta ciki. Mai mota ya tafi yana murna an rage masa kashe kuɗi, bai san ya bar abu biyu a garejin ba, ABS da ESC tare. Wanda zai sayi motar daga hannunsa kuwa ba zai taɓa sani ba.

Ban ɗora laifin duka a kan makanikai ba. Famfon ABS na da tsada, na'urar binciken kwamfuta ba kowane gareji ke da ita ba, kuma da yawa cikin iyayen gidanmu na gareji a kan Peugeot 504 da Golf 3 suka koyi aiki, motocin da ba su san wannan na'ura ba. Gaskiya ne kuma cewa a kan tsakuwa ko yashi ABS kan iya ƙara wa mota tazarar tsayawa, don haka ƙorafin direbobin karkara ba daga sama ya faɗo ba. Amma sau da yawa matsalar ba famfon ba ne. Laka ce ta toshe sensa, ko waya ta tsinke a bayan taya, ko an sa boris ɗin da bai dace da motar ba, ko an yi saitin ƙafafu ba a sake daidaita sensar sitiyari ba. Gyaran da bai kai kuɗin taya ɗaya ba, a kansa ake zubar da abin da zai iya tsare ran mutum da iyalinsa. Wasu kuma tsoro ne ke kai su: sun taka birki da ƙarfi, sun ji yana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafa da wata ƙara, sai su ɗauka birki ya lalace. Bai lalace ba, aikinsa yake yi. A wannan lokacin ci gaba da dannawa ake yi, ba ɗagawa ba.

Fitilar ESC kanta tana magana. Idan ta kama da murza makulli sannan ta mutu, lafiya lau. Idan tana ƙyaftawa kana cikin tafiya, na'urar ce ke aiki, kuma gargaɗi ne cewa tayoyinka sun kai iyakar riƙonsu, ka sassauta. Idan ta tsaya a kunne, akwai matsala ko an kashe ta. Idan kuwa ba ta kama ba sam a motar da ya kamata a ce tana da ita, to an taɓa wani abu, kuma mai sayen mota ya tsaya nan ya yi tambaya kafin ya yi maganar fenti da sanyin esi. Maɓallin kashe ta yana da ranarsa: idan mota ta kafe a yashi ko taɓo, kamar yadda matafiya hanyoyin karkarar Damagaram ko Yobe suka sani, tayoyi na buƙatar su juya son ransu kafin su fita. Da an hau kwalta sai a mayar da ita.

Kada kuma wani ya ji wannan sharhi ya ƙara wuta. Na'urar ba ta ƙirƙirar riƙo, da wanda taya ke da shi take aiki. Tayar da ta suɗe ko ta tsufa ba abin da za ta ba ta. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wanda ya haɗa tayoyi masu girma daban-daban ya rikita lissafin kwamfutar. Wanda ya ɗora buhuna a saman Sharon ko Sienna har bayanta na jan ƙasa ya sauya nauyin da aka tsara na'urar a kansa. Ba ta hana karon gaba da gaba idan direba ya yi obatekin a kan kwana, kuma ba ta maye gurbin bel.

Akwai aikin da ya rage wa hukuma. Cikin manufofin kiyaye haɗurra da ƙasashen duniya suka amince da su, akwai cewa zuwa 2030 duk motar da za a ƙera ko a shigo da ita, sabuwa ko tsohuwa, ta cika manyan ƙa'idojin kariya, kuma ESC na cikinsu. Sabuwar mota ma ba tabbas ba ce, domin gwaje-gwajen da ƙungiyar Global NCAP mai auna kariyar motoci ta fara a Afirka ta Kudu a 2017 sun nuna akwai sababbin motocin da ake sayarwa a nahiyar nan babu irin kariyar da doka ta tilasta a Turai. Ya kamata gwamnatocinmu su sa wannan na'ura cikin sharuɗɗan shigo da mota, su kuma fara da kansu wajen motocin da suke saye da kuɗin jama'a, musamman bas-bas na haya da motocin ɗaukar marasa lafiya. Jami'an VIO da ke duba lafiyar mota su riƙa cewa a murza makulli su ga fitilun ABS da ESC sun kama sun mutu, aikin daƙiƙa biyar ne. Ƙungiyar makanikai ta NATA da ta direbobi ta NURTW su haɗa hannu wajen horar da 'ya'yansu kan gyaran sensa da amfani da na'urar bincike, a samar da ko da guda ɗaya ce a kowace babbar tasha, ta yadda direban haya da fitilarsa ta kama zai san inda zai nufa kafin ya yi lodi.

Sai mun sake haɗuwa, Allah Ya kiyaye hanya.