Ciwon Cikin Safiyar Litinin

Sadiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Anti Jummai da Malam Nura. Yau za mu tattauna kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa. Malam, kai ka zo da maganar, sai ka buɗe mana.

Malam Nura: To, wata yarinya ce a ajina, 'yar aji biyar na firamare. Duk safiyar Litinin sai ciwon ciki. Ta dafe cibiya, ta tsuguna a bakin ƙofar aji, hawaye shaɓe-shaɓe. Sau uku ana kai ta kemis, an ba ta maganin tsutsar ciki, an ba ta na taifot, shiru kake ji. Ranar Asabar kuwa garau take, har da tsalle-tsalle. Ni dai na yanke cewa ƙarya ce. Har bulala na taɓa ɗaga mata, Allah ya yafe mini.

Anti Jummai: Amin. Amma ba ƙarya take yi ba, Malam, cikin yana murɗa mata da gaske. Shekarun da na yi ina aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, ban taɓa ganin yaron da ya zo ya ce "ina fama da fargaba" ba. Bai san kalmar ba. Jikinsa ne ke magana: ciwon ciki, ciwon kai, bugun zuciya, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ya daɗe da dainawa.

Sadiya: Anti, manya sukan ce yaro me ya sani da har zai shiga damuwa? Ba ya biyan haya, ba ya cefane.

Anti Jummai: Haka suke cewa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a cikin 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya cikin bakwai na da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba da ciwon damuwa na sahun gaba. Malam, ɗalibai nawa ne a ajinka?

Malam Nura: Sun haura saba'in.

Anti Jummai: To, yi lissafi da kanka. Kuma ciwon damuwa a wurin matashi ba lallai ya zo da kuka ba. Sau da yawa da faɗa yake zuwa. Yarinya mai fara'a ta koma ƙunci, ta kulle kanta a ɗaki, abinci sai an yi da gaske, barci ya rikice, maki ya zube. Idan abin ya wuce mako biyu a haka, ya wuce a ce girma ne ya zo mata da rashin kunya.

Malam Nura: Masu ƙiriniya fa? Akwai wanda ko minti biyar ba ya iya yi a kan benci.

Anti Jummai: Ƙiriniya dai halin yara ce. Amma akwai wadda likitoci ke kira ADHD: ba ya iya tattara hankali, ka aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana, ya tsoma baki kafin a gama tambaya. Sharaɗin shi ne alamun sun fara kafin shekara 12, kuma ana ganinsu a gida da boko da Islamiyya, ba wuri guda ba. Irin wannan yaron ya fi kowa shan duka, dukan kuma ba ya ƙara masa komai sai tsanar karatu.

Sadiya: Bari in tambayi abin da ke ran mutane. In an je asibiti, ba ƙwaya za a ɗora wa yaro ya zama sususu ba?

Anti Jummai: Wannan tsoron ya hana iyaye da yawa zuwa. Ga yara, da magana ake farawa. Akwai jinyar da ake zama da yaro ana koya masa gane tunanin da ke tsorata shi, sannan a riƙa kusantar da shi ga abin da yake gudu sannu a hankali. Mai ADHD kuma iyaye da malamai ake fara koya wa dabara: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, zama a gaban aji, yabo nan take idan ya yi daidai. Magani yana shigowa ne idan abin ya yi tsanani, irin su fluoxetine ga matashi mai ciwon damuwa, ko methylphenidate ga ADHD, kuma likita ne zai rubuta ya riƙa bibiya. Ba na sayen kan kanta ba ne.

Malam Nura: Mu dai a unguwarmu da an ga haka sai a ce shafar aljanu ce.

Anti Jummai: Ni ban taɓa hana kowa addu'a ba, ni ma ina tofa wa jikokina. A yi ruƙiya, a kuma je asibiti. Abin da ba na yarda da shi shi ne mari da sarƙa. Kun tuna 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, har da ƙananan yara? Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, wai a gyara musu tarbiyya.

Sadiya: To ina za a nufa?

Anti Jummai: A fara da asibiti mafi kusa, su tura ka gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware a Sakkwato, ga na Dawanau a Kano. A farkon 2023 ma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958. Abu ɗaya ne ba ya jiran gobe: yaro ya ce gara ya mutu ya huta. Kada a ce "rufe mana baki". A zaunar da shi a tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta cusa masa tunanin. A kawar da fiya-fiya da magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar.

Sadiya: Malam, ba ka ƙarasa mana labarin yarinyar ba.

Malam Nura: Ashe ranar Litinin ce nake tayar da su karatu ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana da in'ina, 'yan aji suna kwaikwayonta a lokacin tara. Yayarta ce ta faɗa mini. Sai na fara sa ta karanta mini layi biyu ita kaɗai bayan an tashi, daga baya a gaban ƙawayenta uku.

Anti Jummai: Ciwon cikin fa?

Malam Nura: Ya ragu sosai. Amma makon jarrabawa ya dawo.